Abin da aka tsayar a zaman tattaunawa kan kwatanta ƙwayoyin gadon dabbobi da na mutum

Ɗaliban likitanci a Yamai sun zauna da wani malaminsu bayan sallar La'asar, suka tattauna aikin Zoonomia, wanda ya kwatanta kundin ƙwayoyin gado na dabbobi masu shayarwa 240, aka kuma wallafa sakamakonsa a mujallar Science a 2023.

Shawarar da ta fi jan lokaci ita ce, mai neman tushen wata cuta ya fara duba wuraren da ba su sauya ba tsakanin mutum da jemage da giwa, domin abin da ya daɗe miliyoyin shekaru bai sauya ba, da wuya ya zama marar amfani. Wuraren nan sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na kundin mutum, kuma akasarinsu ba sa cikin sassan da ke sarrafa furotin, saboda haka malamin ya gargaɗe su da kada su raina su.

Wata ɗaliba ta kawo misalin giwa, wadda ke da kwafi kusan 20 na TP53, ƙwayar gadon da ke daƙile ciwon daji, alhali mutum ɗaya yake da shi. Ni dai da na halarci zaman, misalin raƙuman dawa na Kure, wani gari kusa da Yamai, ya fi burge ni, tunda matsin jininsu ya ninka namu kusan sau biyu, amma bai lalata musu zuciya ba.

An kuma ja kunnen kowa kada ya gaya wa majinyaci cewa magani ya samu, domin abin da aka gani a gwaji kan dabba irin ɓera sai an gwada shi a jikin mutum tukuna.