Neman shawara: in sayi agogon nan ko in riƙe kuɗina?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sana'ar hatsi, bana kuma alhamdu lillahi an ɗan samu. Bikina bayan Sallah ne, lefe ya kammala. Wani abokina da ke zuwa Dubai saro kaya ya kawo min agogo, ya ce Rolex ne na hannu, ruwan azurfa da ratsin zinariya a tsakiya, naira 850,000. Ba kwali, ba takarda. Ya ce in ɗauke shi a matsayin ajiya, wai irinsa ba ya faɗuwa, kullum tashi yake. Gaskiya ya shiga raina, na ɗaura shi da farar shadda na ga yadda ya zauna. To amma yayana ya ce wa ke duba agogon hannu yanzu, ga waya a aljihun kowa? Tambayata biyu ce. Shin agogo yana da sauran amfani? In yana da shi, wannan mai tsadar ya cancanci kuɗinsa?

Baba Mai Agogo, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tun kafin a haife ka nake buɗe cikin agogo, saboda haka bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Sabon Rolex mafi araha, na baƙin ƙarfe zalla, ba ka samunsa ƙasa da dala 5,000. Mai ratsin zinariya ya ninka haka, domin zinariyar da kamfanin ke sawa ta gaske ce, karat 18. Buga lissafin da canjin yau ka gani. Ko na hannu ne, ko ya sha jiki, ba mai hankalin da zai sakar maka shi a dubu ɗari takwas da hamsin. Ko dai jabu ne, ko kuma akwai wata magana a bayansa wadda ba ka son shiga. Ban ce abokinka maƙaryaci ne ba, shi ma wataƙila haka aka sayar masa.

Mutane za su ce maka ka duba hannun sakan, in yana tafiya sumul ba tsalle-tsalle to na gaske ne. Da haka ne, yanzu ba haka ba ne. Na gasken yana bugawa sau takwas a sakan ɗaya, shi ya sa ido ke ganin kamar zamewa yake, amma masu jabun ma sun iya wannan tuntuni. Ka duba ƙwayar gilashin da ke kan kwanan wata: ta gaske tana girmama lambar ninki biyu da rabi, har ta cika tagar. Ka duba ƙasan gilashi wajen ƙarfe shida, akwai ɗan kambi da aka zana, ƙanƙani ƙwarai, sai da madubin ido. Duk wannan ma somin taɓi ne. Hukuncin ƙarshe sai an buɗe baya an ga inji. Ka ce masa za ka kai a buɗe a gabansa. Yadda zai amsa maka ya ishe ka.

Sai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Irin wannan agogon ba batir gare shi ba, motsin hannunka ne ke juya wani faifai a ciki yana ɗaure zaren ƙarfe. Ka ajiye shi kwana biyu ko uku, ya tsaya. Cikinsa ƙananan haƙora ne da mai, man kuma yana bushewa, ga ƙurar hunturunmu da ba ta raga wa komai. Dole wata rana a warware shi gaba ɗaya a wanke a sake mai, kuma in na gaske ne ni kaina ba zan taɓa shi ba, ba ni da kayansa. Kuɗin wannan wankin kaɗai ya sayi agogo mai kyau guda biyu ko uku.

Maman Ilham:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan amsa ta farko kawai. Ƙanena, a wajen aikinmu agogo ba ado ba ne. In na kama hannun mara lafiya ina ƙirga bugun jini, ko ina ƙirga ɗigon ruwan da aka ɗaura masa, idona na kan hannun sakan. Ba zan zaro waya da safar hannu ba. Da yawanmu ma a ƙirji muke maƙala shi saboda yawan wanke hannu. Nawa bai kai kuɗin buhun masara ba, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Ka gaya wa yayanka akwai sauran masu dubawa.

Alhaji na Kwangila:
Ni kam ban yarda da masu cewa duk agogo ɗaya ne ba. Mu Zazzagawa mun san darajar sutura. Mutum ya sa aska takwas, ya kafa zanna bukar, ya zuba turare, sannan hannu fayau? Akwai abin da ya rage. Kuma a harkar kasuwa ana kallon hannu, ko mun so ko mun ƙi. Ka zauna ciniki da manyan dillalai, kafin ka buɗe baki sun gama auna ka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Seiko 5 ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali. Yau yana hannuna. Gilashin ya yi zane, lambobin sun koma ruwan ƙasa-ƙasa, gefen da ke gogar rigarsa ya sulɓe har yana ƙyalli, amma in na girgiza shi sau biyu sai ya kama tafiya. Wayoyi nawa na canza a tsawon wannan lokacin, ban san adadi ba. Wannan shi ake kira abu mai kyau. Sai dai ka lura, Seiko na ce, ba Rolex ba, kuma na gaske ne. Jabu kuwa ya fi hannu fayau muni, domin waɗanda kake son burgewa su ne suka fi kowa gane shi.

Malam na Ƙofar Doka:
Allah ya sanya alheri a auren. Akwai gefen da ba a taɓa ba. Ka ce da ratsin zinariya. Hadisi ya tabbata daga Sayyidina Aliyu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya riƙe alharini a hannu ɗaya, zinariya a ɗayan, ya bayyana cewa su biyun haramun ne ga mazan al'ummarsa. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito. To ka ga an zo wuri mai wuya: in agogon na gaske ne, zinariyar ta gaske ce, bai halatta ka ɗaura ba. In kuma ba zinariya ba ce, ba Rolex ba ne, kuɗinka sun tafi a banza. Ado kansa ba laifi ba ne, ya zo a Sahihu Muslim cewa Allah mai kyau ne kuma yana son kyau. Ka nemi na ƙarfe fari ko mai fata. Kuma duk wanda ka saya, wajen alwala ka sassauta shi ko ka cire, ruwa ya game hannu har gwiwar hannu. Ina yawan ganin samari a bakin famfon masallaci suna tsallake wurin don tsoron kada agogo ya jiƙe.

Abban Sadiq:
Allah gafarta Malam, ka rufe ƙofa ɗaya, bari in rufe ta biyu, wato maganar ajiya. Gaskiya ne wasu samfuran Rolex da Patek Philippe sun yi tashin gwauron zabi a kasuwar 'yan hannu a duniya, har zuwa farkon 2022. Daga nan farashin ya juyo ƙasa, waɗanda suka saya a ƙololuwa da yawa sun tafka asara. Kuma ko a lokacin tashin, wasu 'yan samfura ne, masu kwali da katin shaida. Naka ba ko ɗaya.

Amma bar ta Turai, dawo gida. A ce gobe wata lalura ta taso, kana neman kuɗi kafin la'asar. Wa zai sayi agogon a Zariya? Sarƙar zinariyar amarya a kai ta kasuwa, a ɗora a sikeli, a biya ka giram-giram nan take. Buhun waken suya ko masara kai ka fi ni sanin yadda ake juya shi. Rago ma ka kai shi kara ka dawo da kuɗi. Agogo kuwa sai ka yi ta yawo da shi Kano ko Abuja, kowa ya taya maka rabin kuɗi yana cewa bai tabbatar ba. Ga kuma halin da ake ciki na masu ƙwace. Wanda zai tare mutum don waya, me kake zato in ya hango ƙyalli a hannu da daddare?

Ɗalibi daga Samaru:
Yaya, me zai hana ka sayi agogon zamani mai haɗuwa da waya? Yana nuna saƙo, yana ƙirga taku, har bugun zuciya.

Baba Mai Agogo, Sabon Gari:
Jikana, wannan kullum ko bayan 'yan kwanaki sai caji, ga wutarmu yadda take. Batirinsa na mutuwa cikin 'yan shekaru, ba su cika gyaruwa ba. Ana kawo min su, ina mayarwa.

In lokaci ake nema tsakani da Allah, mai batir ya fi duka. Tun 1969 da kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai ƙwayar kwaz, wato ɗan dutsen da batir ke kaɗawa, aka gama wannan gardama. Ƙwayar da ake sawa a irin waɗannan agogunan yanzu tana kaɗawa sau 32,768 a sakan, ba ruwanta da ka ɗaura ko ka ajiye. Casio F-91W ɗin nan baƙi na roba, wanda ya fito a 1989 kuma har gobe ana yin sa, kuskurensa bai wuce sakan 30 a wata ba, batirinsa na kai wajen shekara bakwai. Rolex kuwa alkawarin da ya yi shi ne sakan biyu a rana, gaba ko baya. Haɗa na wata guda ka gani. Wato mai miliyoyi bai fi na roba faɗin gaskiyar lokaci ba. Abin da ake saya a wurinsa aikin hannu ne da suna, kuma wannan na wanda kuɗin ba za su taɓa jarinsa ba ne.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira shi na ce mu je a buɗe, sai ya ce wai buɗewa na rage masa daraja, in ban shirya ba akwai mai so. Na ce ya ba mai son. Amma Baba, har yanzu ina son in ɗaura wani abu ranar ɗaurin aure. Me zan nema?

Baba Mai Agogo, Sabon Gari:
Madalla. Nemi Seiko, ko Citizen, ko Orient, ko Casio mai jikin ƙarfe, fari, fuska ba hayaniya. Citizen suna da wanda haske ke caja shi, Eco-Drive, ba ruwanka da canjin batir na shekaru masu yawa. Su ma ana jabunsu, don haka ka saya inda za a ba ka kwali da rasit, kuma lambar da ke bayan agogon ta dace da ta takarda. Ka gwada shi da rigar da za ka sa, kada fuskar ta fi faɗin hannunka. In sarƙar ta yi yawa kawo min in rage ƙwaya biyu, ka riƙe su a gida don gaba. Duk ranar da aka buɗe bayansa kuma, ka tsaya a kai ka ga an mayar da siririyar robar da ke tare ruwa, domin yara masu gaggawa suna yar da ita, sai damina ta zo ka ga gilashi ya yi gumi daga ciki.