Burodin kyauta na yin tauri, ga Ummi da tsince-tsince: ku ba ni shawara

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Katsina nake, wajen Ƙofar Ƙaura. Tun shigowar sanyin nan na koyi gasa burodi a gida, a tukunya da yashi bisa gawayi. Duk Juma'a nakan yi guda huɗu, mu ci ɗaya, sauran in aika wa Hajiya surukata da maƙwabta. Da ɗuminsa laushi gare shi, amma kafin safiyar Asabar ya yi tauri, sai an jiƙa a shayi. Abin na damuna, don kyauta ce.

Na biyun ya fi tsaya mini a rai. Kafin kwaɓin ya tashi nakan fita da ɗiyata mai shekara 4, mu zaga bayan unguwa. Ba ta wuce komai: 'ya'yan gawo, tsamiya, fararen duwatsu, gashin zabo. Gwangwanin madara guda ta cika. Ranar nan ta ɗaura ɗan gawo a ledar burodin kakarta, ta ce nata tukuicin ke nan. Hajiya ta karɓa ta sa mata albarka, amma ta kira ni gefe ta ce kada in saba wa yarinya da tsince-tsince, ba a san abin da mutane ke yarwa a hanya ba. Ba na son saɓa wa Hajiya, kuma wallahi ba na son kashe wa yarinyar nan abin da take jira duk mako. Ya zan yi?

Anti mai kek: Wa alaikumus salam. Burodinki ƙishirwa yake ji, ƙanwata. Iskar hunturu na shanye kwaɓi tun kafin ya ga wuta. A fulawa kilo 1 ki sa ruwa wajen mililita 600, yis babban cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 2, sukari gram 100, bota gram 80. Bota da sukarin nan su ke riƙe laushi. Ruwan ya zama mai ɗumi kamar na wankan jariri, mai zafi kashe yis yake. Ki murza minti 15 cur, har ki ja shi ya miƙe bai tsinke ba. In yana manne miki a hannu ki shafa mai, kada ki ƙara fulawa, nan ne yawancinmu ke ɓata shi. Ki rufe da leda ko jiƙaƙƙen tsumma ya ninka, ki zuba a gwangwani, ya sake tashi.

Da kin sauke ki shafe kansa da bota, ki bari ya huce sarai kafin ki ƙulle a leda. In kika ƙulle da zafi zai yi gumi, fumfuna ta biyo. Kada ki sa a firji, ya fi saurin tauri a ciki. Sannan ki sani na gida kwana 2 zuwa 3 ne ƙarfinsa, ki aika ranar da kika gasa.

Maman 'yan biyu: Ƙari a kan na Anti, ki duba wutarki. In ta yi sanyi burodin zai daɗe a tukunya ya bushe. Yashin ya yi zafi tukuna, ki ɗora garwashi kaɗan bisa murfi, minti 30 zuwa 35 ya isa.

Sista (ma'aikaciyar jinya): Ni maganar yarinya ta tsayar da ni. Fitar tana da kyau, amma ki haddace waɗannan. Idon zakara, ƙananan jajayen ƙwayoyin nan masu ɗigon baƙi, sun fi komai ɗaukar idon yaro, kuma guba ce mai kisa in aka tauna. Haka 'ya'yan zurma. 'Ya'yan bini-da-zugu da ake shinge da shi yara na ɗaukarsu kamar gyaɗa, sai amai da gudawa. Tumfafiya kuma, yara na son fasa ƙwallonta, farin ruwanta in ya shiga ido yana illa. Duk ƙwayar da za ta shige hanci ko kunne, ki ajiye a wurinki, musamman in akwai ƙanenta mai rarrafe. Kada ta ɗaga dutse da hannu, gidan kunama ne. Takalmi rufaffe, ta dawo ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa kwaɓi.

Goggo ta Daura: Ɗiyata, Hajiya ba ta faɗi ƙarya ba. Mu ma haka aka tashe mu, abin da ka gani a hanya ba naka ba ne. Amma ki lura da abin da take tsoro: ƙullin tsumma, laya, allura, reza, kuɗin wani. Ba tsamiya take tsoro ba. Wace ce a cikinmu ba ta cika zane da magarya da kanya da aduwa ba tana yarinya? Hajiyar ma ta yi.

Ki kafa wa Ummi doka ɗaya da za ta iya riƙewa: abin da itace ya zubar ko tsuntsu ya yar, ta nuna miki kafin ta ɗauka. Abin da hannun mutum ya taɓa, ko kallo na biyu kada ta yi masa. Ki je ki faɗa wa Hajiya dokar nan da bakinki, cikin ladabi, ki ce shawararta ce kika bi. Sai ki sa yarinyar ta kai mata gwangwanin, ta riƙa tambayar sunan kowane. Tsoho na son a tambaye shi.

Ummu Khalil: Ni dai gashin tsuntsu ban yarda ya kusanci abinci ba, ana fama da murar tsuntsaye. Ta ajiye shi daban.

Malamar firamare: Ki samo mata kwalin ƙwai, kowane rami da irin nasa, da haka za ta koyi ƙirga da rarrabewa. Ki nuna mata gawon da take tsinta a ƙarƙashinsa: yanzu da rani yana da ganye shar, da damina kuma sai ya kaɗe, saɓanin sauran itatuwa. Shi ya sa manoma ke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa gero rana. Ku koma wurinsa a watan Agusta ta gani da idonta. Bagaruwa ma ki faɗa mata da ita majema ke jeme fata.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, laifina ne na ƙara fulawa, jiya na shafa mai, yau da safe yana nan da laushinsa. Sista, na zazzage gwangwanin na samu idon zakara guda 3, jikina har rawa ya yi, na ƙone su. Goggo, mun je. Hajiya ta shimfiɗa tabarma ta baje kayan, ta ɗauki wani da ni ma ban sani ba ta ce ƙwallon ɗinya ne. Ta ce Juma'a mai zuwa a kawo mata tsamiya, za ta dama wa Ummi kunu a ci da burodin.