Gasket ɗin injin B16A na ƙonewa da zarar turbo ta kai psi 12

Assalamu alaikum, iyayen gidana masu harkar inji. Ina neman shawararku.

Ina haɗa injin Honda B16A mai lita 1.6 don tseren miƙaƙƙen layi na mita 402. Na sa masa turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), na sauya fistin don matsi ya sauko daga 10.2:1 na kamfani zuwa kusan 9:1, na ɗaure kan injin da kusoshin kamfanin ARP. Idan matsin iskar turbo na psi 8 (psi ma'aunin matsi ne), lafiya lau yake gudu. Amma ina ɗagawa zuwa 12, sai ruwan lagireto ya fara kumfa, zafi ya hau, gasket (shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da gangar jikinsa) ya ƙone tsakanin silinda ta 2 da ta 3.

An goge fuskar kan injin, ta daidaita. Na ƙara girman injekta, na ja lokacin wutar fulogi baya kaɗan. Duk da haka fulogin na fitowa da ɗigo-ɗigo, abin da ke sa ni zargin man yana fashewa kafin lokaci, musamman da tsakar rana.

To ina matsalar take? Man fetur ɗin ne ba ya jure matsin, ko silindojin ne ke motsi tunda saman bulon B16A (gangar jikin injin) a buɗe yake, babu abin da ke riƙe bakin silindojin? Kuɗin sa sababbin silibu (bututun ƙarfe da ke zama bangon silinda) don hana wannan motsi ba kaɗan ba ne, ba na son in kashe su a banza. Don Allah wanda ya taɓa wuce psi 12 da wannan bulon ya taimaka mini.