Majalisa za ta iya hana a yi wa wanda ya kashe ƙanena afuwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ke nan da aka kashe ƙanena. Mun sha zarya a babbar kotun jiha har aka yanke wa mutumin hukuncin kisa. Yanzu raɗe-raɗi ya iso mana cewa danginsa suna bin manya don a saka sunansa cikin waɗanda shugaban ƙasa zai yi wa afuwa. Mahaifiyarmu ko barci ba ta yi. Ɗan majalisarmu na tarayya abokin yayana ne. Idan muka je gare shi, majalisa tana da ikon takawa shugaban ƙasa birki?

Barista: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa. Ɗan uwa, da farko ma ba ƙofar da ta dace za ku buga ba. Sashe na 175 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa ikon yin afuwa ne kan laifin da dokar tarayya ta kafa. Kisan da aka hukunta da dokar jiha yana hannun gwamna, ƙarƙashin sashe na 212.

Batun majalisa kuwa, ba za ta iya ƙwace wannan iko da doka kawai ba, domin duk dokar da ta ci karo da kundin ta faɗi. Sai an gyara kundin kansa: kashi biyu bisa uku na sanatoci da na wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Abin da aka ɗora wa shugaban ƙasa shi ne tuntuɓar Majalisar Magabata ta Ƙasa, mai ba shi shawara, kuma tuntuɓa ba neman izini ba ce. Sai dai a jiha akwai ɗan ƙofa: kwamitin da ke ba gwamna shawara kan afuwa, dokar jiha ce ke kafa shi. To ɗan majalisar jiha ya fi muku amfani. Ku rubuta takardar ƙorafi zuwa ga kwamishinan shari'a, ku haɗa da kwafin hukuncin, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa.

Wata 'yar uwa: Barista, a takarda haka ne, amma mu da muke gani fa? A 2013 Jonathan ya yafe wa Alamieyeseigha, tsohon gwamnan Bayelsa. A 2022 Buhari ya yafe wa tsofaffin gwamnoni Dariye na Filato da Nyame na Taraba, suna tsakiyar zaman ɗauri kan satar kuɗin jama'a. An yi ta hayaniya, babu majalisar da ta motsa. Abin da na ga ya yi aiki shi ne na Oktoban 2025, da aka fitar da sunaye 175 na waɗanda Tinubu ya yi wa afuwa ko sassauci, mutane suka yi ca, aka koma aka tace jerin. Kar ku yi shiru, yaya. Amma kar a ambaci sunan kowa a Facebook kan jita-jita, kada mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Malam: A shari'ar Musulunci jini haƙƙin magada ne. Su ke zaɓar ƙisasi, ko diyya, ko yafiya, ba shugaba ba. Ku zauna a gida tukuna ku san matsayarku, musamman ta Hajiya, don kar wani a dangi ya je ya karɓi abu a bayanku a ce kun yafe.

Barista: Malam ya taɓo wurin. A Kenya kundin 2010 ya umarci majalisa ta yi dokar da za ta gindaya sharuɗɗan afuwa, kuma kwamitinsu yana iya sauraron waɗanda aka zalunta. Idan dai sai kun ga ɗan majalisar nan, irin wannan gyaran za ku nema.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Kwafin hukuncin yana wurin yayana, ranar Litinin insha Allah za mu kai takardar.