Zane da wasan kwaikwayo za su raba gurgu da bara? Muhawara a zauren 'yan unguwa, Katsina

Kawu Lawal: Salamu alaikum. Na ji matasanmu na tara kuɗi za su buɗe ajin zanen bango da wasan kwaikwayo saboda guragu, kurame da yaran da 'yan bindiga suka koro daga Batsari da Jibiya. Ni dai ɓarnar kuɗi na gani. Mai jin yunwa ba fenti yake nema ba, a sayo masara a raba.

Binta: Kawu, masarar kwana nawa za ta yi? Yaran nan sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. Ka ba yaro takarda ya zana garinsu, za ka ji labarin da ko uwarsa bai faɗa wa ba.

Abba: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Tun Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, har da ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Wannan ya kamata mu matsa a kai.

Malam Iro: Ku gafarce ni, ana ta magana a kanmu kamar ba ma zauren. Ni gurgu ne, ɗinkin hula nake ci da shi. Zare da allura ba sa tambayar ƙafa. Akwai wani kurma da ke fitar da dagi a goshin zaure, siminti na ɗanye ya bi shi da bakin cokali, masu sabon gini layi suke masa. Abin da ba na so shi ne a ware mana aji mu kaɗai, a zo a ɗauke mu hoto a tafi. A zaunar da ɗana da ɗan Kawu kan tabarma ɗaya. Kuma an tuntuɓi Sarkin Guragu da Sarkin Makafi kuwa?

Binta: Wallahi ba a je ba, Malam.

Kawu Lawal: Hula da zanen gida sana'a ce, ba ni da ja. Wasan kwaikwayon ne ban yarda ba, a cakuɗa mana yara maza da mata.

Malam Iro: To a raba musu rana, Kawu. Amma wa zai sayi kayan in an gama koyo?

Abba: Binta, ke ce ma'aji, ba mu amsa.