Wace kalmar Turanci ce ta dace da ɗan gayyar soɗi?

Yayan Amarya, Kaduna:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka ƙware a Turanci. A watan jiya muka yi walimar auren ƙanwata a wani ɗakin taro da muka kama, mun raba kati 200, amma tun kafin la'asar kujeru suka ƙare, har dangin ango da suka taso daga Zariya suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, abinci kuma bai kai gare su ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin surukai ne da ya kamata mu karrama. Yanzu ina so in rubuta wa kamfanin da ya ba mu masu tsaron ƙofa takardar koke da Turanci, sai na rasa sunan da zan kira 'yan gayyar soɗi da shi. Wani ya ce in rubuta "intruders", amma zuciyata ba ta kwanta da kalmar ba, saboda akasarinsu abokan abokai ne da maƙwabta.

Malamar Turanci, Kano:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ma'auratan zaman lafiya. Zuciyarka ta gaya maka gaskiya, domin "intruder" an fi faɗarta ga wanda ya haura katanga ko ya kutsa gidan mutane da dare, don haka ta yi wa maƙwabcinka nauyi. Kalmar da Turawa suka ware wa wannan hali ita ce "gatecrasher", aikatau ɗinta kuma "gatecrash". Ta bayyana a Amurka cikin shekarun 1920, kuma an haɗa ta ne daga kalmar ƙofa da kalmar bankewa, wato wanda ya banke ƙofar taro ya shige. Amurkawa sukan gajarta ta su ce "crash a party", wanda ya yi haka a wurin aure kuma su kira shi "wedding crasher". Da irin wannan suna jaridu suka kira Tareq da Michaele Salahi, miji da matar da suka shiga liyafar da Shugaba Barack Obama ya shirya wa Firaministan Indiya Manmohan Singh a Fadar White House cikin Nuwambar 2009, ba tare da sunansu yana cikin jerin baƙi ba.

Sai dai Turanci yana rarrabe mutanen nan gwargwadon yadda suka shigo da abin da ya kawo su. Wanda ya maƙale wa mai kati ya biyo shi, akan ce ya yi "tag along", kuma babu zafi a cikin maganar. Idan katin da kansa ya ba mutum damar zuwa da abokin rakiya ɗaya, abokin nan sunansa "plus-one", shi kam gayyatacce ne. Wanda ci kawai ya kawo shi "freeloader" ne, wannan kuwa zagi ne tsagwaronsa, kada ta shiga takardarka. A wasiƙar koke, "uninvited guests" ta fi kowace tsabta.

Dattijo daga Sakkwato:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ɗana, ina da tambaya ɗaya kafin ka ɗora alƙalami: shin katinku ya faɗa ƙarara cewa sai mai kati zai shiga? Na yi tambayar ne domin kalmar "gatecrasher" tana tafiya da ƙofa da mai gadi da jerin sunaye, alhali mu a ƙasar Hausa mun taso muna jin sanarwar ɗaurin aure a rediyo ana cewa wanda kati bai isa gare shi ba ya ɗauki sanarwar a matsayin gayyata. Mutumin da ya saba da wannan, idan ya ji maƙwabcinsa yana aurar da 'ya, gani yake rashin zuwansa ne abin kunya. Yarbawa ma suna da nasu sunan, "mogbo moya", ma'ana na ji labari na ratso.

Duk da haka ban wanke mai bin wani zuwa walima babu izini ba. Ya tabbata a hadisi cewa wani Ba'ansare mai suna Abu Shu'aibu ya gayyaci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abincin mutum 5, sai wani ya biyo su, da suka isa Annabi ya sanar da mai gida cewa ga wanda ya biyo su, in ya so ya yi masa izini, in ya so ya koma. Mai gidan ya yi masa izini.

Yayan Amarya, Kaduna:

Na gode Malama, na gode Baba. Katin walimar yana ɗauke da "Strictly by invitation" a ƙasansa, kuma mun ba masu gadi jerin sunaye tun da safe, ɗaurin auren ne kaɗai muka bari a buɗe a masallaci. Zan rubuta "uninvited guests" a kan jama'ar gaba ɗaya, in ajiye "gatecrashers" ga samarin da na gani da idona sun ture mai gadi sun shige ta ƙofar baya.