Injin mota da bulowa a cikin jirgin gudu: zai ɗauka ko zai narke?

Nura Arizona: Salam jama'a, ga wata magana da muke ja tun jiya da Oga Sale, nace bari in kawo ta nan kowa ya sa baki. Wani kwastoma ya kawo mana injin Chevrolet 454 da ya ciro daga tsohuwar Suburban, wai a ɗora masa bulowa 8-71, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska da ƙarfi, a sa a jirgin ruwansa na gudu a tafkin Havasu na nan Amurka. Nace masa sai an farke injin gaba ɗaya an canza fistin da ringi da bawul da kamshaf, in ba haka ba bazan taɓa ba. Oga yace cin kuɗin mutum kawai za mu yi, inji inji ne ko a ƙasa ko a ruwa.

Oga Sale Ƙofar Ruwa: Eh ni na faɗa kuma ban janye ba. Nura a hannuna ka koyi ɗaure tof silinda, ka san bana magana a kan abin da ban taɓa ba. 454 ɗinnan lita 7.4 ne, tun 1970 Chevrolet ta fara yinsa, na Suburban an yi shi ne don jan kaya, kuma na motocin kayan nan kwamfireshan ɗinsa wajen 8 ne dama, ba ance bulowa ƙaramin kwamfireshan take so ba? Toh ga shi kyauta. Ga ruwan sanyi ko ta ina, ba lagireto ba zancen obahitin, me kuma ake nema

Nura Arizona: Allah ya ƙara girma Oga, kan kwamfireshan kayi gaskiya. Matsalata fistin ɗin ne, na zubi ne, baya jure bugu.

Malam Habu Yauri: Ni ba makaniken manyan injuna bane, Yamaha 75 nake tuƙawa a ruwan Kainji shekara da shekaru, amma Oga Sale akwai abu ɗaya da sai wanda ya zauna a bayan jirgi yake saninsa. Ruwa bashi da gangara. Mota in ta ɗauki wuta ka sa giya ta sama ka ɗan ɗaga ƙafa inji ya huta, jirgi kuwa kana sakin totur yake zama kamar an riƙe shi ta baya, tun daga tashi har ka isa injin yana cikin dako ne, babu inda zai numfasa

Injiniya Bashir: Malam Habu ya gama maganar wallahi. Oga ka ɗauki tirela cike da siminti tana Hawan Kibo, sai dai hawan baya ƙarewa, kuma ba giyar da zaka sauko. Jirgin nan giya ɗaya gare shi, galibi wajen 1.5 zuwa 1 a drayib irin Bravo (abin da ke kai ƙarfin inji ga farfela a bayan jirgi), inji yana juyi 5000 ko fiye a minti da cikakken lodi na tsawon mintuna, alhali a Suburban sau nawa ya taɓa kai haka? Wajen obatekin kawai, sakan goma an gama. Yanzu ka ƙara bulowa. Iskar da muke shaƙa nauyinta 14.7 psi ne (ma'aunin matsin iska kenan) a bakin teku, in bulowa ta tura 7 psi ka ƙara kusan rabin iskar kenan a cikin silinda, da man da zai ƙone ta, kuma iskar da aka matse zafi take yi, musamman irin 6-71 da 8-71 ɗinnan da asalinsu na injin Detroit Diesel ne mai bugu biyu, 71 ɗin ma girman silinda ɗaya ne na wancan injin. Iska mai zafi da matsi da lodi mara yankewa, mai sai ya fara fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinsa, wannan ƙarar da muke cewa fil-fil ko nokin. A mota zaka ji ka ɗaga ƙafa. A jirgi salansa tana ihu a bayanka iska na dukan kunne, bazaka ji komai ba sai hayaƙi ya taso.

Oga Sale Ƙofar Ruwa: Toh a ja taimin baya mana, a buɗe masa mai. Ai ba yau muka fara maganin nokin ba.

Nura Arizona: Oga bara na ga wanda akayi wa haka da idona. Wani gareji ne suka haɗa masa, bazan kama suna ba, taimin sun ja shi baya sosai don tsoron nokin, shi kuma wutar sai ta koma tana ƙarasa ci a bakin bawul na salansa. Da muka buɗe, bawul biyu sun lotsa sun shige ciki kamar bakin kofi, fistin na ɗaya kuma gefen da ke riƙe ringin sama ya ɓalle kamar ɓera ya gaigaya, fulogin da na ciro duk ɗigo-ɗigon alminiyom a jikin farin. Abin da ya faru ringin ya yi zafi ya miƙe bakinsa biyu suka haɗu, ba inda zai je sai ya ɗaga kan fistin. Mutumin ko awa uku bai yi a ruwa ba, ya tsaya a gaban bencina ya kasa magana, wallahi ya bani tausayi don kuɗin da ya tara ne na shekaru. Shi yasa muke sa fistin na ƙira, mu buɗe bakin ringi fiye da na mota, bawul na salansa kuma na Inconel, wani ƙarfe mai jure zafi, taimin a tsaya wajen digiri 28 zuwa 30, mai kuma wajen kashi 11.5 zuwa 12 na iska da kashi ɗaya na fetur in an taka

Oga Sale Ƙofar Ruwa: Bakin ringi na yarda, wannan ko a janareta mun sha gani. Amma ruwan sanyin fa da nace? Kun tsallake shi.

Injiniya Bashir: Ruwan sanyin shima yana da nasa sharrin ranka ya daɗe. Ruwan tafki yana sanyaya bulok ya hana shi buɗewa, fistin kuma yana can ciki yana cin wuta yana kumbura, in ka bar tazarar mota zai kama jikin silinda. Dole a ƙara masa sarari. Kuma ruwan bulok yake sanyayawa, baƙin mai yana nan yana dahuwa a ƙasa, sai an sa masa nasa kula babba.

Ɗan'asabe Panteka: Ni fa duk ban ga dalilin bulowar ba sam. Nura kace wa mutumin nan ya manta da ita, ya sayi kirankishaf mai dogon bugu inci 4.250, a ɗan yashe silinda, 454 ya koma 496, ko ya nemi bulok mai faɗin silinda inci 4.500 ya haɗa 540. Ƙarfin doki 550 zuwa 600 zai samu ba bel ba fuli ba fargaba, ya sha mai na gidan mai ya kwana lafiya. Bulowa a ruwa neman magana ne, duk wanda ya sa sai ya dawo gareji.

Nura Arizona: Yaya Ɗan'asabe a nan kuma zan saɓa maka. In bulowa neman magana ce Mercury Racing, masu ƙera injinan jiragen gudu, bazasu sayar da ita daga kamfani ba. 525 SC ɗinsu a kan 454 aka gina shi, sannan 600SCi da 700SCi a kan 502, mutane sunyi shekaru suna gudu da su. Bambancin shine sun sauke kwamfireshan, sun sa kayan ciki masu jurewa, basu cika matsi ba. Kuma akwai amfanin da kai baka ambata ba, don ka samu doki 600 ba bulowa sai ka sa kamshaf mai zafi ka ɗaga juyi, shi kuma kamshaf mai zafi a jirgi shine yake jawo ruwa

Malam Habu Yauri: Jawo ruwa kamar yaya ɗana, ta ina?

Nura Arizona: Ta salansa Baba. Salansar irin waɗannan jiragen da ruwa take tafiya, ana zuba ruwan sanyaya inji cikin hayaƙi su fita tare. Akwai ɗan lokacin da bawul na shiga da na fita duk suke buɗe, in kamshaf ya tsawaita wannan lokacin, a sulo sai injin ya riƙa zuƙo hayaƙi baya da ruwan a ciki. Ka zaro sandar baƙin mai ka ganshi fari-fari kamar kunun gyaɗa, bawul sunyi tsatsa. Da bulowa zaka iya barin kamshaf mai sanyi, mai tazarar digiri 114, ita ta cika silinda.

Ɗan'asabe Panteka: Na ji wannan. Amma ka faɗa musu man da zai sha, kar ka ɓoye.

Injiniya Bashir: Bari in yi lissafin a fili. Inji mai bulowa yana cin kamar fam 0.6 na nauyin mai ga kowane doki a awa, doki 700 ya zama fam 420, galan 70 na Amurka kenan, sama da lita 260 a awa ɗaya in an taka har ƙasa. Kuma ba kowane mai ba, sai mai lamba 91 ko 93 a ma'aunin jure nokin na Amurka, wanda lissafinsu daban ne da namu, fetur ɗinmu na gida ya fi kusa da 87 ɗinsu. Wanda zai kawo irin injin nan Legas ya sa a jirgi ya fara tunanin mai kafin komai.

Oga Sale Ƙofar Ruwa: Toh ku saurara. In mutumin nan ya tsaya a 4 ko 5 psi, da intakula mai jan ruwan tafki yana sanyaya iskar bulowa, ya daina riƙe totur a ƙasa minti goma, ni har yanzu ina ganin fistin ɗinsa zasu kai shi wani lokaci. Ba kowa ke da kuɗin farke inji ba Nura, mu a nan da abin da mutum yake da shi muke masa aiki.

Nura Arizona: Zai iya kaiwa Oga, ban ce ranar farko zai fashe ba. Amma 8-71 ya saya, kuma Desert Storm, taron jiragen gudu na Havasu, yake so ya shiga a watan Afrilu, wanda ya shiga cikin jirage suna wuce shi bazai tuna da 5 psi ba. Injin da aka yi don doki 230 ne fa, kawunan silinda ma ƙananan ƙofofin iska gare su. Sannan ko fistin sun tsira akwai abin da bazan yi sassauci a kai ba, kik da altaneta na mota basa shiga jirgi. A mota tururin fetur ƙasa yake zuba iska ta kwashe, a jirgi cikin rami yake taruwa ƙarƙashin inji, tartsatsi ɗaya ya isa. Shi yasa doka a nan ta wajabta abin tare wuta a bakin kafireta, kuma sai ka kunna fankar rami minti huɗu kafin ka tayar.

Malam Habu Yauri: Wannan kam Oga Sale kar ka ja, gobara a tsakiyar ruwa ba wajen gudu.

Oga Sale Ƙofar Ruwa: Kan kayan wuta ban ja ba Malam, rai ne. Fistin ne dai ban sauka ba. Nura in ka cire kawunan ka turo min hoton silinda da saman fistin in gani da idona, ka auna min bakin ringin da ke ciki yanzu.

Nura Arizona: Gobe da safe in sha Allah Oga, yanzu dare ya yi a nan. Zan haɗa da hoton wancan fistin na bara, yana nan a kan bencina ban yar ba.

Ɗan'asabe Panteka: Ka tambaye shi kuma wane drayib ne a bayan jirgin, in Bravo na gama-gari ne doki 700 zai kwashe masa haƙoran giya tun kafin a zo kan fistin.